Inda Gashin Akun Tabawa Ke Tafiya

A garin Dutsen Kanya an yi wani aku da gashin jikinsa ke ƙarewa kullum, amma ba a taɓa tsintar ko guda ɗaya a ƙarƙashin kejinsa ba. Yau a ga ƙirjinsa ya yi fili kamar tafin hannu, gobe a ga filin ya kai cinya. A share ɗaki, a kakkaɓe tabarma, a leƙa ƙarƙashin gado, babu gashi babu alamarsa.

Mai wannan aku wata mace ce, Tabawa mai turaren wuta. Amaren garin kaf da turarenta ake kai su ɗaki, amma ba wadda ta taɓa ganin yadda take haɗa shi, don in za ta jiƙa itace sai ta sa sakata. Allah ya yi ta da zargi. In ka gaishe ta da fara'a, kana fita za ta ƙirga kajinta. In ka gaishe ta ba fara'a, ta ce dama ta san akwai abin da ke ranka. Mutum ɗaya ta taɓa yarda da shi a duniya, mijinta Jatau falke, shi ma sai da suka shekara bakwai tana shinshina rigarsa duk ranar da ya dawo daga fatauci.

Jatau ne ya zo da akun daga Kurmi, ya sa masa suna Ɗankurmi. Shekara goma sha tara tsuntsun yana kafaɗarsa, har ya kwashe muryarsa tas: tarinsa na safe, yadda yake jan sunanta, da yadda yake cewa, "Tabawa, ina ruwan alwala?" Da Allah ya karɓi Jatau, bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gona ba, muryar nan ya bar mata a bakin tsuntsu. Kullum da safe in ta ji ta daga gindin darbejiya inda kejin ke rataye, sai ta amsa, "Ga shi nan, maigida," ta share hawaye ta kama aikinta.

Ran nan tana tsakar gida, sai Ɗankurmi ya buɗe baki ya ce, "A sayi ƙosai da zafinsa!" Muryar Hansai ce, maƙwabciyarta mai suya a bayan katanga, ba ƙari ba ragi. Tabawa ta matso kusa da kejin. Ta dubi kan tsuntsun, ta ga bai fi goriba ba. Ta ce a ranta, wannan ɗan kai murya nawa zai ɗauka? In ta Hansai ta shiga, ai ta Jatau ce za ta fita. Nan take ta ɗauke kejin ta kai ƙuryar ɗaki, ta lulluɓe shi da baƙin zane, ta ja ƙofa. Ita kanta ta daina magana a gabansa, kada tata muryar ta ture ta mijinta. Sai dai ta tura masa gero da ruwa, ta fito saɗaf-saɗaf.

Ba a yi mako biyu ba gashi ya fara ƙarewa. Tabawa ta ce ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya san masu asiri na neman gashin aku ido rufe, musamman jan nan na wutsiya, to wa ya san hanyar ɗakinta in ba Hansai ba? Ta ƙara kwaɗo a ƙofa. Ta ɗauko kaskon turarenta ta cika da garwashi, ta zuba hano da tazargade da ɗan barkono, ta riƙa turawa ƙarƙashin zanen, tana yi wa tsuntsu hayaƙin korar sammu safe da yamma. Gashi ya ci gaba da tafiya. A kwana na arba'in da rufe shi, Ɗankurmi ya yi shiru gaba ɗaya, ko tarin Jatau ya daina.

Sai ta yanke shawarar kama ɓarawo da hannunta. Da hantsi ta yi wa Hansai sallama da ƙarfi kamar za ta kasuwa, ta buga ƙofar gida, ta lallaɓo ta dawo ta laɓe bayan gado, ta ɗaga gefen zanen kaɗan. Me za ta gani? Ɗankurmi ya sunkuyar da kai, ya kama gashin ƙirjinsa da baki, ya fizge. Gashin bai faɗi ƙasa ba. Ya yi sama a hankali, ya ratsa tsakanin karan keji, ya nufi ƙofa.

"Lallai an gama da shi," in ji Tabawa a ranta, "har an sa shi yana aika musu da kansa."

Ta yi wuf ta cafke gashin, ta ɗaure shi da zaren mazarinta, ta sake shi ta bi bayansa riƙe da zare. Gashin ya fita ta zaure, ya bi lungu, ya zo daidai ƙofar Hansai, ya wuce bai ko karkata ba. Wannan ya ɓata wa Tabawa rai ƙwarai, don ta riga ta tanadi maganganun da za ta gasa mata. Ya fita bayan gari, ya shige kogon wata tsohuwar kuka. Tabawa ta yi bisimilla ta kutsa kai.

Ta fito a wata ƙasa inda sararin sama yake kore shar, itatuwa sun kafa rassansu a ƙasa sun juya saiwoyi sama, ga wani kogi baƙi wuluk a gabanta, ba a hango ɗaya gaɓar. A bakin ruwa wani aljani ne mai jikin mutum da dogon wuyan shamuwa, yana zaune cikin rabin ɓawon ƙwai wanda girmansa ya kai kwalekwale.

"Ya ke 'yar Adam," in ji shi, "ban taɓa ganin mai bin gashi da ƙafa ba. Ni ne Sarkin Fito na Kogin Waiwaye. Ba na karɓar komai a hannun mai hayewa, sharaɗina ɗaya ne. Za ki zauna ki ba ni baya, ba za ki waiwayo ba har mu kai. Wanda ya waiwaya, ruwan nan ya san sunansa."

Tabawa ta kalle shi sama da ƙasa. "Ranka ya daɗe, mutum ya ba wanda bai sani ba baya a tsakiyar ruwa? Me kake ɓoyewa?"

"Abin da nake ɓoyewa yana bayanki," in ji aljanin. "Abin da kike bi kuwa yana gabanki."

Ta ji zaren na ja, ta shiga ta zauna. Suna kaiwa tsakiyar ruwa ta ji ana wasa wuƙa a bayanta, a hankali, ba gaggawa. Sau uku kanta yana neman juyawa da kansa, sau uku tana tuna ƙirjin Ɗankurmi ta dafe ƙeya da hannu. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa shan wuya irin ta wannan zama ba. Da suka kai gaɓa, aljanin ya miƙo mata rake gaɓa uku, an fere shi tas.

"Guzurin baƙo," in ji shi.

Ta karɓa ta yi godiya, amma yana juya baya ta jefar a ciyawa, don hali zanen dutse ne.

Daga nan gashin ya ja ta cikin wani kurmi inda kowane ganye ke da baki. Tana shiga suka fara raɗa. Na dama suka ce, "Hansai ce, mun gan ta." Na hagu suka ce, "Wanzamin unguwarku ne, shi ke ɗinka layu." Hanyoyi suka rarrabu, kowace da sunan da ake raɗawa a bakinta, ga su a share ga inuwa, ita kuwa hanyar da gashi ya bi ƙaya ce zalla. Raɗar nan ta fi wa Tabawa zuma daɗi, don abin da take so ta ji ke nan tun kwana arba'in. Ta taka hanyar Hansai, taku ɗaya, taku biyu, a na uku ƙasa ta haɗiye ta har gwiwa.

"Ƙara gaba kaɗan," in ji ganyen, "shaidar tana nan kusa."

Zaren ya miƙe har yana ƙara, yana neman tsinkewa. Ta san in ya tsinke, ita da akunta sai dai a lahira. Ta kwanta rub da ciki, ta kama wani reshe ta ja jiki, ta fito ta bar wa ƙasa takalmanta. Ta toshe kunnuwa da bakin ɗankwali, ta bi ƙaya ba takalmi.

Bayan kurmin ta iske wani birni wanda ganuwarsa gashin tsuntsaye ce, na aku, na kanari, na tattabaru, an jera su bisa juna kamar jinka. Gashi na ta saukowa daga kowace kusurwa ta duniya, wasu aljanu masu fiffike suna tarewa da faifai. Suka kai Tabawa gaban alƙaliyar birnin, Uwar Fiffike, doguwar aljana mai fuskar mace da jiki toka-toka, jar wutsiyarta ta sauko daga karaga ta malale a ƙasa.

"Ya ke 'yar Adam," in ji Uwar Fiffike, "nan ne ake shari'ar tsuntsayen keji. Tsuntsun da ya rasa mai jin kukansa, gashinsa yake aiko mana. Me ke tafe da ke?"

Tabawa ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninki, ƙara na kawo. An yi wa akuna sammu, ana kwashe masa gashi, an kulle masa baki. A bakin nan kuwa muryar mijina take, ba ni da sauran abinsa a duniya."

"Kin san mai laifin?"

"Ina da mutum biyu da nake zargi. In an matsa, biyar."

Aljanun fada suka girgiza fiffike. Uwar Fiffike ta ce, "A nan ba a karɓar zato. Gashi uku suka rage a kan zuciyar tsuntsunki. In kika ambaci sunan wanda bai ji ba bai gani ba, ukun za su zo nan tare, shi kuwa ya mutu. Al'adarmu, kafin mai ƙara ya faɗi suna, yakan zauna a ɗakin shaida. Kin yarda?"

"Me ke cikin ɗakin?"

"Babu abin da ba ki sani ba."

Amsar ba ta kwanta wa Tabawa ba, amma ta ce ta yarda. Aka kawo wani ƙaton kejin kara aka sa ta ciki, aka ajiye mata gero da ruwa, aka lulluɓe da baƙin zane. Duhu ya rufe. Da farko ta ce ai wannan ba komai ba ne, ita da ta saba zaman kaɗaici. Ta ƙirga karan kejin da lalube, ta sake ƙirgawa. Ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta yi kira, ta yi zagi, ta yi roƙo, shiru. Can ta ji sawun mutum na tahowa saɗaf-saɗaf, zuciyarta ta yi fari, ta ce ga mai magana ya zo. Sai aka turo kasko ta ƙarƙashin zane, sawun ya koma. Hayaƙi ya cika kejin, hano da tazargade da barkono, haɗin da hancinta ba zai taɓa ɓata ba. Idonta ya yi ja, maƙogwaro ya bushe, fatarta ta kama ƙaiƙayi ko'ina. Ta sosa har ta gaji. Hannunta ya rasa abin yi, ya kama zaren zanenta yana warwarewa. Da zaren ya gundure ta, hannun ya hau kai. Ta kama silin gashi ɗaya ta tsige. Zafin ya yi mata daɗi, don shi kaɗai ne ya amsa mata a cikin duhun nan. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa.

Da aka yaye zanen, kitsonta ɗaya ya tafi, furfura ta taru a cinyarta.

"Shekara nawa na yi a ciki?" in ji ta, muryarta a shaƙe.

"Da an ɗora tukunya lokacin da kika shiga, da yanzu ba ta tafasa ba," in ji Uwar Fiffike. "Akunki kuwa kwana arba'in."

Ta sa aka kawo faifai cike da gashin Ɗankurmi. Ta ɗauki ɗaya ta hura masa iska. Gashin ya yi magana da muryar Jatau, don tsuntsun ba shi da muryar da ya fi sabawa da ita wajen kai kuka.

"Tabawa, duhu."

Ta hura na biyu. "Tabawa, hayaƙi."

Ta hura na uku. "Tabawa, ina jin tafiyarki. Me ya sa ba kya magana?"

"Ya isa!" in ji Tabawa. "Don Allah ya isa."

"To, faɗi sunan mai laifin."

Tabawa ta duba cikin ranta, ta nemi Hansai, ta nemi wanzami, ba ta iske kowa ba. Ta sunkuyar da kai. "Allah ya ja zamaninki, ni ce. Tabawa mai turare."

"Kin faɗi gaskiya," in ji Uwar Fiffike, "don haka zaɓi ya zama naki. Hanya biyu ce. Ko ki bar shi inda yake, mu kwance masa baki. Kwana bakwai zai yi yana miki magana da muryar mijinki, duk abin da ya taɓa ji daga bakinsa, har wanda kika manta, a na takwas ki binne shi. Ko kuwa ki fito da shi haske, ki raba shi da hayaƙi, ki yi masa wanka, ki ba shi gyaɗa da ɓawonta ya fasa, da icce ya gaigaya, ki bar mutane su yi surutu a gabansa. Gashi zai dawo. Amma aku tsuntsun taro ne, abin da yake ji shi yake faɗa. Muryoyin masu rai za su shigo, ta mamaci ta yi ta ja da baya har ta fita."

Tabawa ta ɗago ido. "Ba wata dabara kuke so ku yi min ba? Ba a haɗa min biyun?"

"Da ana haɗawa, ya ke 'yar Adam, da ba ki zo nan ba takalmi ba."

Kwana bakwai na muryar Jatau! Akwai wata waƙa da yake yi in yana ɗaure kaya, Tabawa ta manta ƙarshenta, shekara uku tana nema a ranta ba ta samu ba. Kwaɗayin abin ya kama ta. Sai ta dubi furfurar da ke cinyarta, ta ce a ranta, in na je lahira Jatau ya tambaye ni amanarsa, da wane baki zan amsa? Ta yi kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar jana'iza. Sannan ta share ido ta ce, "A bar shi ya rayu."

Uwar Fiffike ta kaɗa jar wutsiyarta sau ɗaya. Sai ga Tabawa a bayan gadonta, hantsi bai ko gota ba, ƙafafunta duk ƙaya.

Ta yaye baƙin zanen, ta ɗauki kejin ta mayar gindin darbejiya. Ta kwashe kasko da kayan turarenta ta kai can bayan gida, inda iska ba ta kawo hayaƙi. Ta guntsi ruwa ta fesa wa tsuntsun da baki, yadda ake fesa wa tufa kafin guga, ya yi ta kakkaɓe jiki, abin tausayi, tsirara kamar kazar da aka fige. Sannan ta yi abin da ya fi haye kogi wuya: ta leƙa katanga.

"Hansai! In kin gama suya ki shigo mu yi hira."

Hansai ta tsaya riƙe da matsami, baki buɗe. "Yaya Tabawa, lafiya? Wani abu ne ya ɓata?"

"Ba abin da ya ɓata. Ki taho da duk mai baki a gidanku."

Hansai ta zo, amma a bakin tabarma ta zauna, kusa da ƙofa, ko da gudu zai kama. Washegari ta zo da mai kitso. Kafin wata ya ƙare, tsakar gidan da ko akuya ba ta leƙawa ya zama matattarar matan unguwa, wannan na tsince gero, waccan na ɓare gyaɗa tana jefa wa aku. Kafin damina ta ja da baya, tsiron gashi ya fito wa Ɗankurmi a ƙirji, sannu a hankali toka-toka ya rufe filin. Baki kuwa ya buɗe kamar an ɓalle madatsa. Ya koyi tallar ƙosai, ya koyi ƙarar guga a rijiya, ya koyi gulmar mata har da rage murya.

Muryar Jatau ta yi ta ja da baya, yadda aka gaya mata. Kiran ruwan alwala ya koma sau ɗaya a mako, daga baya ya ɗauke. Tarin ne ya fi daɗewa. Wata safiya bayan kaka ta zauna tana jiransa, bai zo ba, washegari ma bai zo ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ba tsuntsu gyaɗa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba.

Wata rana da la'asar mata na zaune, Ɗankurmi ya buɗe fiffike ya saki wata dariya, ta mace, mai ƙarfi, irin ta wadda ta manta da kanta, har da shaƙewa a ƙarshe. Tabawa ta tsayar da hannu a faifai, ta bi matan da ido ɗaya bayan ɗaya. Ta san dariyar Hansai, ta san ta mai kitso, wannan kuwa baƙuwa ce. Tsohon hali ya motsa.

"Wace ce wannan?" in ji ta. "Wa ke shigo min gida in na fita?"

Matan suka dubi juna. Hansai ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Yaya Tabawa, ba ki gane ta ba? Ai taki ce. Mu ma bana muka fara jin ta."